Ragowar Muhyiddeen

Balan, ƙasar Gaya
Juma'a, cikin watan Mauludi

Zuwa ga Asama'u jikar yayana Ja'afaru, matata da ta yi yaji ta tafi ƙasar Holan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu, ya baƙunta. Mu nan sai godiya. Gwiwar hagu tana nan da halinta. An yanke gero, gyaɗa ce ta rage a ƙasa. Barira ce ta zo daga Ajingi take rubutawa, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe ta ta sa abin da na ce, ba abin da take ganin ya kamata ubanta ya ce ba. Ta tambaye ni me zai hana in yi miki magana a waya kamar kowa. Na ce maganar waya iska ce, ta takarda ake ajiyewa a sake dubawa. Ta ce ai hoton takardar za ta ɗauka ta tura miki ta wayar. Wannan kuma tsakaninku ne.

Ta'aziyyarki ta Muhyiddeen ta iso, Allah ya ba da lada. Yadda abin ya kasance shi ne, ruwan sama ya dake shi a hanyar dawowa daga shagonsa na ɗinki a Gaya, sikilar ta tashi, aka kai shi asibiti, bai cika mako ba. Ya bar kayan mutane a yanke ba a haɗa ba, har yanzu ana zuwa karɓa. Ni na haƙa masa. Mutane suka ce uba ba ya haƙa wa autansa, in zauna a karɓi gaisuwa. Na ce tun kafin a haifi iyayen wasunsu babu mai sa fartanya a maƙabartar nan sai ni da Ɗantani, ba kuma a kan ɗana zan fara zama ba. Yana kwance gabas da aduwa, kusa da mahaifiyarsa Hure.

To, ga abin da ya sa na kira Barira. A ƙarshen takardarki kin ce game da Muhyiddeen, "Kaka, ka yi haƙuri, wani abu na jikin Baffa Ƙarami yana nan da rai a hannuna, kullum da safe sai na duba shi." Barira ta karanta tana share hawaye, ta ce maganar lallashi ce irin ta 'yan boko. Na sa ta maimaita. Ni ban ji lallashi a ciki ba.

Ni na yi masa wanka, kuma a cike na gan shi. Ran da aka haife shi ni na binne mabiyiya a bayan ɗakin uwarsa. Ran kaciya wanzami ya miƙo mini fatar a ganye, na binne. Haƙorin da aka cire masa a Gaya ma a aljihu na kawo shi gida. Kin san Malam Sule na bakin rijiya da aka yanke wa ƙafa bayan hatsarin babur? Ni na binne ƙafar, na riƙe wurin a kaina, da ya cika bayan shekaru na kwantar da shi a gefenta. Ban taɓa rufe mutum na bar wani abu nasa a waje ba.

Saboda haka ki faɗa mini filla-filla: me kika ɗauka, yaushe, wa ya ba ki, kuma me kike nufi da rai.

Ki gai da wanda ya tambaye ni, in akwai.

Kakanki,
Barau mai haƙa

*

Holan
Ƙarshen Satumba

Maigida tsoho,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarka, na ji daɗin jin an yanke gero lafiya. Gwiwa kuwa na faɗa maka tun bara ka bar wa yara haƙa, ka ce in jira in ga yaran da suka san ƙasa. Ni lafiya lau. Yaji kuma ban gama ba, tunda ba ka aiko biko ba.

Ka gafarce ni, Kaka. Na rubuta maganar nan ne ina kuka, ban tsaya na auna yadda za ta sauka a kunnenka ba. Ga yadda abin yake.

Bara da na zo Kano, mun nemi manya masu sikila da suka yarda su ba da ɗan jini don bincike. Ban ma gaya wa Baffa Ƙarami ba, a bakin Gwaggo Barira ya ji. Sai ganinsa na yi a kan benci da awon ɗinki a wuya. Aka yi masa bayani, ya ce jinin da ya hana shi sakat tun yana yaro, in akwai mai so a ɗiba kyauta. Abin da aka ɗiba bai fi cokali uku ba. Ba a rubuta suna a kwalba, lamba ake sawa, amma shi da kansa ya nuna mini tasa, wai kada in bari ya ji kunya a gaban Turawa.

A cikin jini akwai wasu ƙwayoyin halitta ƙanana, ido ba ya ganinsu, irin waɗanda suke lulluɓe jijiyar jini ta ciki kamar yaɓe a bangon ɗaki. In an ba su abinci da ɗumi suna rayuwa a wajen jiki, suna yaɗuwa. Na mutane da yawa ba su kama ba. Nasa sun kama sosai. Wasu na adana su cikin sanyi mai tsanani, suna nan kamar iri a rumbu, wasu kuma nake aiki da su. Abin da nake nufi da rai ke nan.

Aikin kuwa, akwai wani ɗan faranti na roba garai-garai, faɗinsa kamar kwalin ashana. An sassaƙa ɗakuna biyu a ciki, tsakaninsu wasu lunguna da suka fi gashin kai siranta. Ɗaki ɗaya nakan sa ƙwayoyinsa, ɗayan in sa fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu kai ɗauki idan wani wuri a jiki ya sami matsala. Wani ɗan famfo yana tura ruwa a hankali kamar yadda jini yake tafiya. Ɗakunan ba sa haɗuwa, amma saƙo yana bi ta lungu a cikin ruwan. A jikin mutum komai a cakuɗe yake, kamar kasuwa, ba ka jin muryar kowa. A nan kuwa su biyu ne kawai. Ina so in san wa yake fara kira idan ciwon zai tashi, da me yake cewa. Don in ji maganar, nakan rage musu iska, in sa su cikin halin da jiki yake shiga lokacin da sikila ta tashi, sannan in zauna a gaban madubin ƙara girma in kalla.

Wannan shi ne duka, ban ɓoye komai ba. Ka gaida Baba Ɗantani.

Matarka,
Asama'u

*

Balan
Juma'a, Rabi'ul Ahir

Zuwa ga Asama'u.

Bayan sallama. Muna lafiya. An cire gyaɗa, ba ta yi kamar bara ba.

An karanta mini. Zancen lamba maimakon suna bai dame ni ba. Maƙabartata ma babu suna ko ɗaya a rubuce, kuma ba wanda ya ɓata. Zancen ya bayar da kansa, na yarda, halinsa ne. Ko rigar jikinsa aka yaba sai ya cire.

Wuri ɗaya na sa Barira ta tsaya. Kin ce kina rage musu iska, ki sa su a halin ciwon, ki zauna ki kalla.

Ke yarinya ce lokacin, wasa kuke tare, in ya kwanta a kore ku waje. Ni nake ciki. Na ga yaron nan yana cizon tabarma. Na ɗaure masa ƙafafu da rawanina, na soya yashi a kasko na zuba a tsumma na ɗora masa a kwankwaso. Yana ɗan shekara shida ya tambaye ni wane ne yake sara masa ƙashi daga ciki, na ce ya yi salati. Ya girma da haka, ya koyi yin dariya da shi, amma ni ban koya ba. Ran da na jera itace a kansa na mayar da ƙasa, abu ɗaya ne ya riƙe mini gwiwa: ya huta. Duk wanda ya zo gaisuwa haka ya ce, ya huta. Yanzu kuma kin ce kullum da safe kina tayar masa da shi.

Na je wurin Liman Muhammad Bashir. Ya ce jini ba kamar gaɓa ba ne, jinin ƙaho ma zubarwa ake yi a rufe da ƙasa ba sallah ba likkafani, rai kuma ya riga ya koma ga Mai shi, sannan yaro da hankalinsa ya bayar, ana fatan ma ya zama sadaka mai gudana. Na ce masa jinin ƙaho mutuwa yake in ya taɓa ƙasa, wannan kuwa an ce ci yake yana haihuwa. Ya ce, "Barau, fatawa ka zo nema ko wanda zai ce ka yi daidai?" Na ɗauki takalmina. Liman ya san littafi, ni na san rami.

Ɗantani kuma, muna gyaran shinge, na ba shi labari, sai ya ce wai ban taɓa ganin wutsiyar ƙadangare ta guntule tana tsalle a ƙasa ba, alhali mai ita yana kan katanga yana gyaɗa kai? Ɗana zai haɗa da ƙadangare. Tun ranar gefensa daban, gefena daban.

Ba na faɗa da ke. Ki daina tayar masa da ciwo daga ranar da wannan ta same ki. Ki tattara abin da ya rage, da na cikin sanyi da na cikin kwalin ashanar, ki kawo mini ko ki ba wa mai zuwa. Zan buɗe taƙi ɗaya a wajen ƙafafunsa in sa.

Barau

Asama'u, ni ce Barira. Ban ƙara ban rage ba, yana zaune a kaina. Amma ki sani tuwo sai ya yi loma biyu ya ture, kuma ya koma zuwa maƙabarta safe da yamma ko ba a yi rasuwa ba. Ki yi masa bayani da sauƙi.

*

Holan
Tsakiyar Oktoba

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma roƙonka don Allah ka ci abinci.

Wallahi ba ya jin komai. Kafin a ji zafi sai da jijiyar da take kai labari, da ƙwaƙwalwar da za ta karɓa, da mutumin da zai ce wayyo. Babu ko ɗaya a cikin farantin nan. Baba Ɗantani bai iya magana ba, amma bai yi ƙarya ba. Da ina da ko ɗigon shakka, ni da muka ci tuwo a kwano ɗaya da shi, da ban taɓa famfon nan ba.

Duk da haka na bi maganarka. Tun ranar da takardarka ta zo ban sake sa nasa a faranti ba. Suna cikin sanyi, ba ci ba motsi.

Kana da iko ka ce a janye su daga binciken, kuma in ka ce, za a janye. Sai dai dole in gaya maka gaskiya tun kafin ka ji a wani wuri. Ƙa'idar ɗakin bincike, a nan da ko'ina, duk abin da ya fito daga jikin mutum in an gama da shi ba a ba wa kowa ya fita da shi. Ƙonewa ake yi, saboda gudun yaɗa cuta. Farantan da na riga na gama da su a baya ma haka aka yi da su. In na je gobe na ce iyalinsa sun janye, abin da zai faru da sauran ke nan.

Shi ya sa ban je ba tukuna. Ka ba ni lokaci in nemi wata hanya.

Asama'u

*

Balan
Juma'a

Asama'u.

An karanta mini. Tun ina saurayi nake rufe Musulmi da ƙasa don kada rana ko kare ko wuta su taɓa su. Ashe nawa ɗan ake ƙonawa kaɗan-kaɗan ina nan ina gyaran shinge.

Ba ni da sauran magana.

Barau

Ya ce kada in sake zuwa masa da takarda da biro. Zan dai riƙa karanta masa naki in ya yarda. Barira.

*

Holan
Farkon Janairu

Kaka,

Assalamu alaikum. Wannan ita ce ta uku tun da ka yi shiru. Gwaggo Barira ta ce biyun farko ka saurara ka juya mata baya, ta ce kuma mura ta kwantar da kai a watan Jimada. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya, sai dai rana a nan kamar bashi aka ci mata, ba ta fitowa.

Ina da labari. Na je wurin malamina na gaya masa komai. Shi ya kai ni gaban kwamitin da yake kula da irin wannan. Na yi musu bayanin mabiyiya da fatar kaciya, har ƙafar Malam Sule na ba su labari. Wata dattijuwa a cikinsu ta tambaye ni ko kai ne shugaban addini na garin. Na ce a'a, liman ma ya ba ka fatawa ka ƙi. Ta yi dariya ta ce nata uban ma haka yake. Sun ɗauki lokaci, amma sun amince. Daga yanzu duk farantin da aka sa nasa, in an gama, za a zuba wani magani da yake tsayar da ƙwayoyin ya kashe duk wata cuta, a liƙe, a ajiye mini. Za su ba ni takardar da zan shigo da su gida. Ba za a sake ƙona ko ɗaya ba. Waɗanda suka wuce ba ni da yadda zan dawo da su, kuma ina neman gafararka a kansu.

Yanzu hanya biyu ce, kai za ka zaɓa. In ka ce yanzu, zan fito da na cikin sanyin duka a tsayar da su, in zo maka da su da ƙaramar Sallah. Aikina zai koma baya sosai, don nasa ne suka fi nuna abin da nake nema, sai na sake neman wasu. Wannan ba nauyinka ba ne, kuma ba zan riƙe ka da shi ba. In kuma ka bari in ƙarasa, zai kai damina biyu kafin in kawo su.

Abu ɗaya nake roƙo kafin ka yanke. Na tura wa Gwaggo wani ɗan bidiyo na farantin ƙarshe da na yi kafin ka hana. Na san ra'ayinka game da waya. Ka kalla sau ɗaya. Na sa musu launi don a bambance: kore a hagu nasa ne, ja a dama masu kai ɗauki. Za ka ga shi ne yake fara kira. Amsar tambayar da ya yi maka yana yaro ba ta cika ba, amma bakinta ke nan.

Duk abin da ka ce, shi zan yi.

Jikarka,
Asama'u

*

Balan, ƙasar Gaya
Juma'a, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Asama'u jikar Ja'afaru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya. Mura ta sake ni, ta bar mini tari na rakiya. Gero ya fara tsada, ana shirin azumi. Ɗantani ya aurar da jikarsa, na je ɗaurin aure, don haka ki sani mun shirya. Bai janye ƙadangarensa ba, ni ma ban ce ya yi daidai ba.

Barira ta zo Juma'a uku tana ajiye mini wayar a kan buzu, ina ture ta da sanda. Ta huɗu ta ce ita ta gaji da kuɗin mota daga Ajingi, in ban kalla ba za ta goge. Na ce ta kawo nan.

Ban ga Muhyiddeen ba. Na zaci zan ga wani abu da zan gane, ko da launin fatarsa. Ɗige-ɗige na gani kamar an watsa gero a faranti. Can sai jajayen suka fara motsi, suka nufi lungunan nan ɗaya bayan ɗaya, suka yi ta zuwa, suka taru a bakin ƙofa har suka toshe ta, na baya yana hawa na gaba. Barira ta karanta abin da kika rubuta a ƙasa, wai haka suke yi a jijiya, su cika hanya, jinin da ya lanƙwashe ya zo ya rasa wurin wucewa, daga nan zafin yake farawa. Na ce ta sake kunnawa.

Kin san abin da na tuna? In ciwon ya tashi ya yi ƙara ɗaya, gidan nan kaf sai ya ɗuru a ɗakin. Hure da ruwan zafi, gwaggwanninsa da rubutu, maƙwabta a bakin ƙofa suna sannu. Shi kuma yana kwance yana cewa, "Don Allah ku ba ni iska, masu taimako za su kashe ni." Mukan yi dariya mu ce ko a ciwo bai bar tsiya ba. Ashe a ciki ma haka ake yi masa.

Da yamma na tafi maƙabarta, ban tsaya wurinsa ba, na wuce arewa inda ƙananan suke. Ba ki san su ba, babu wanda ya sani yanzu sai ni da Ɗantani. Akwai Rukayya ta wajen kakanki Ja'afaru, ko yaye ba a yi mata ba, hannuwanta suka kumbura. Akwai Haruna ƙaninta. Akwai yayyen Muhyiddeen biyu, Sadiya da wani namiji da muke kira Na-Allah. Akwai na Ɗantani uku a jere. A lokacin ba a cewa sikila, wabi ake cewa, ko a ce iska, ko a zargi wata tsohuwa. Dukkansu a cike na rufe su, ban bar ko farce a waje ba, kuma na yi alfahari da haka. Na tsaya a kansu na ga cewa duk sun tafi da maganar a bakinsu. Ba wanda ya tambaye su komai, ba su kuma kai su faɗa ba. Shi kaɗai ne a cikinsu ya yi tsawon ran da ya hau mota ya je ya miƙa hannu.

Ban ce na gamsu ba. Har yanzu in Barira ta karanta wurin rage iska sai in kau da kai. Kin rantse ba ya ji, Liman ya ce rai ya tafi, na ɗauka a kan amanarku, in da kuskure ku za a tambaya. Waɗanda aka ƙona na yafe miki, amma ban yafe wa ƙa'idar ba, ki gaya wa dattijuwar nan.

Ki fito da shi daga sanyin ki ci gaba. Shi da sanyi ba sa shiri tun asali.

Ga sharaɗina. Kowane faranti kika gama, ki naɗe shi a farin ƙyalle, kada ki jibge su kamar kwanukan wanki. In za ki fara da safe ki yi bisimilla. In kin gama duka ki kawo da hannunki, ba aike ba.

Damina biyu kuma, na yi lissafi da gwiwata da tarin nan, ban sani ba ko za ki same ni. Ke mace ce, ba za ki shiga maƙabarta ba, Ɗantani kuwa ya girme ni da wata bakwai, ba abin dogaro ba ne. Shekara da shekaru ana cewa in nuna wa wani wuraren nan, ina cewa wanda bai haƙa ba ba zai riƙe ba. Shekaranjiya na aika aka kira mini Mu'az mijin Barira, mai Keke Napep, wanda ko kunyar gyaɗa bai iya ja a miƙe ba. Barira, rubuta yadda na faɗa. Na kai shi gabas da aduwa, na sa ya auna taƙi ɗaya da hannunsa a wajen ƙafafun, na sa ya kafa bakin fasasshiyar tukunya a wurin. Ya ciro waya zai ɗauki hoto, na buge hannun. Na sa ya fita ya sake shigowa ya nemo da kansa, har sai da ya daina ɓata. Da muka zo fita ya tambaye ni na wane ne wancan na kusa da shinge. Na faɗa masa. Ya tambayi na gaba. Magariba ce ta tashe mu. Ya ce zai dawo ran Juma'a mai zuwa, za mu gani.

Saura abu ɗaya. Kada ki yi gaggawa saboda ni. Wurin yana nan, ƙasa ba ta gajiya da jira. Kin san mutumin naki tela ne, bai taɓa gama aikin kowa a ranar da ya sa ba. Rigar Sallata ta bara sai da aka sauko daga idi ya kawo ta, yana cewa ai ɗinki mai kyau ba ya son a tsaya masa a kai. In ya ce miki damina biyu, ki ƙara masa ɗaya.

Wannan shi ne bikon. Allah ya yi miki albarka, ya sa mu ga azumi lafiya.

Mijinki tsoho,
Barau mai haƙa